Shekarar da Aka Haƙa Bayan Ɗakina

Har yau idan kun taru a gidan nan da salla, sai ɗayanku ya tuno da shekarar intanet, ku kwashe da dariya, ku ce Umma ta kori injiniyoyi da muciya. Ban kori kowa da muciya ba. Tuwo nake tuƙawa suka buga get, na fito da ita a hannu. Ina jinku nake yin shiru, wani lokacin ma in taya ku dariyar. Amma yanzu da gwiwoyina suka fara gaya mini inda aka dosa, gara in faɗa muku abin da ya faru da kaina, kafin ku gaji labarin a karkace ku miƙa wa jikokina. Babin nan na Jidda ne, autata, don ita ta fi kowa jin jiki a lamarin. Sauran ma ku karanta, musamman yayanku, wanda ya kira ni tun daga Kaduna ya yi mini wa'azi.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Lokacin da babanku ya ɗauko ni daga Zariya ya kawo ni Kubwa, rabin unguwar nan gonaki ne. Idan damina ta zauna, hazo yakan sauko daga kan dutsen bayanmu da safe, ya lulluɓe dawa, sai ka ga shanun Fulani suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ƙaho ya fara bayyana kafin jiki. Nakan tsaya a taga ina kallo har ruwan shayi ya ƙone. Babanku yana da rumfar atamfa da yadi a kasuwa cikin gari, daga masallacin asuba yake wucewa tasha, sai magariba nake ganinsa. A lokacin kowa cewa yake ba ɗan Abuja, kowa zuwa ya yi. Salla na matsowa gari zai watse, kowa ya tafi gida. Ni ma haka nake cewa, gida, ina nufin Zariya.

Da haihuwar yayanku ta zo, ta riga lissafinmu. Innata tana can ba ta ko haɗa kaya ba. A asibiti na sauka, da za a sallame mu sai ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa babanku baƙar leda a ƙulle, ta ce ga mabiyiya nan, ku je da abinku. A gida wannan aikin tsofaffin mata ne. Su ke wankewa, su ke binnewa, namiji ko hanyar ba ya bi. To a nan babu tsohuwa, babu ungozoma, maƙwabtanmu duk matasa ne irinmu. Ya tsaya a tsakar gida da leda a hannu, babban mutum da gemunsa, ya rasa inda zai sa kansa. Allah ya kawo wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana nono, ta sauke ƙwaryarta, ta dube shi ta dubi ledar. Ta taga nake jin su.

"Wanke ta da ruwa mai tsabta," in ji ta. "Ka haƙa rami mai zurfi a bayan ɗakin uwar. Ka ajiye ta cibiyar tana kallon sama, kada ka kife ta, in ka kife ta matarka ta gama haihuwa. Ka rufe, ka daddale. Kuma kada ka nuna wa kowa wurin."

"Inna, ko za ki taimaka ki yi mana?"

"Ni ba jininku ba ce. Ɗanka ne, haƙa."

Ina kwance jikina sakayau, barci yana ɗaukata yana sakina, jariri a gefena, sai na fara jin ƙarar fartanya a ƙarƙashin tagata. A hankali yake saranta, yana tsayawa, ina jin yana bismilla. Ban taɓa jin kwanciyar hankali irin ta ranar ba. Da ya gama ya leƙo ta taga, gumi har wuyan riga, ya ce, "Kada ki kuskura ki faɗa wa kowa. 'Yan kasuwa su ji na zama ungozoma, na shiga uku." Muka yi dariya ƙasa-ƙasa don kada yaro ya farka. Sai ya ƙara da cewa, "Wannan dai ya zama ɗan nan."

Haka ya yi wa ku huɗun. Ko a haihuwar Sadiya da Inna tana nan, bai bar mata ba, ya ce ya riga ya saba. A jere ya sa ku, daga kusurwa zuwa wajen tagar ɗakin da ya zama na Jidda, a ɗan lungun nan da ke tsakanin ɗakina da katanga, wanda in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bango biyu. Na ce ku huɗu, ku kuwa uku kuka san kanku. Na ukun Usman ne. Yayanku zai iya tuna shi kaɗan, Sadiya tana ƙarama, Jidda ba a ko yi mafarkinta ba. Bai kai kwana arba'in ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Maza suka naɗe shi suka fita da shi, mu mata ba ma bin gawa, har yau ban san ko ta wane gefen maƙabarta aka sa shi ba. Abin da ya rage mini nasa a duniya shi ne wannan ɗan wuri, na uku daga kusurwa. Ba wani abu nake yi a wurin ba. In na share lungun nakan ɗan daɗe a nan, shi ke nan.

Shekaru suka tafi. Gonaki suka zama gidaje, babanku ya rasu, yayanku ya koma Kaduna da iyalinsa, Sadiya ta yi aure. Gida ya rage ni da Jidda. Ita kuma bayan ta gama karatu ta samu aiki da wani kamfani da ke Legas, irin aikin zamani da ake yi daga ɗaki: ta sa abin ji a kunne, ta zauna gaban kwamfuta, tana amsa wa masu hulɗa da kamfanin. Na ji daɗin aikin nan fiye da ita. 'Yata tana aiki, kuma ina jin motsinta. Matsalar ɗaya ce, dutsen nan da nake ƙauna shi ya tare mana netwok. Tana tsakiyar magana da mutum sai murya ta ɗauke. Na sha ganinta ta fito a guje da kwamfuta a hannu, ta haye matakalar tankin ruwa, tana ba wani haƙuri da Turanci, zabi na maƙwabta suna kuka a bayanta. Wata rana ta sauko idanunta sun yi ja.

"Umma, ogana ya ce sun gaji. Ko in samu intanet mai ƙarfi a gida kafin damina ta wuce, ko in koma ofishin Legas."

"Legas kuma? Wajen wa?"

"Wajen aiki, Umma."

Gabana ya faɗi. Ban nuna mata ba, na ce to a nemo intanet ɗin mana, ai ba a sama yake ba. Ta ce a sama yake, muka yi dariya. Amma ranar na zagaya gidan nan ina duba ɗakuna, ina jin yadda zai kasance in ba kowa sai ni da agogon bango.

A bakin titi, wajen da ake sauka daga mota, akwai wata yarinya mai suna Blessing da ke zama ƙarƙashin babbar lema, tana yi wa wani kamfanin intanet rajistar mutane. Muka tsaya wajenta muna dawowa daga kasuwa. Ita da Jidda suka yi ta Turancinsu, ni ina tsaye da ledar kayan miya. Da suka lafa na yi tambayata guda ɗaya, wadda duk mai gida zai yi.

"'Yata, za a fasa mini gida ne?"

"Haba Momi! Ba fasa, ba haƙa. Akwati ne ƙarami, ka sa shi a wuta, shi ke nan. Ko kaza ba zai tashi daga barci ba."

Yarinyar tana da fara'a, na yarda da ita. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Aka ba mu ɗan farin akwati mai ƙahoni biyu, muka kawo gida, Jidda ta jona. Fitilarsa ta kama ja, ta ƙi sauyawa. Muka kai shi falo, muka kai shi kicin, muka ɗora shi kan firij, har kan durowar babanku ya hau. A wuri ɗaya kawai ya yarda ya yi kore, can saman tankin ruwa, inda hadari ke iya ɗauke shi. Muka mayar. Blessing ta duba wayarta ta ce ai gidanmu yana gindin dutse, wannan akwatin ba zai yi ba, sai dai a ba mu wanda ake kira faiba, layinmu ma yana cikin wuraren da ya iso. Jidda ta yi tsalle. Ni ban sake tambayar komai ba. A inda na tashi, in ka tambayi mutum abu ya ba ka amsa, amsar ta zauna, sake tambaya kamar ka ƙaryata shi ne. Ta ce ba haƙa, na ɗauka maganar kamfani ce gaba ɗaya, ashe maganar akwati ɗaya ce. Ita kuma ta ɗauka kowa ya san faiba waya ce da ke bin ƙarƙashin ƙasa. Jidda ta sani, ba ta ga abin faɗa a ciki ba. Da hannuna na ce a yi.

Sai jira. Aka ce suna zuwa, ba su zo ba. Aka ce sun zo ba su same mu ba, alhali ko ƙofa ban leƙa ba. Ashe kwatancen da na ba Blessing, gida mai baƙin get a bayan masallaci, shi aka ba su, kuma a Kubwa gidan da ba shi da baƙin get a bayan masallaci shi ne abin nema. Sun je sun auna gidan wani bawan Allah a wani layi, har ya ba su ruwa. Kafin a warware wannan, masara ta yi bunni.

Ranar da suka iso da gaske, da hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke. Injiniya saurayi da hular kwano, da masu haƙa a bayansa riƙe da diga da shebur. Da na ga digar na ce wannan fa? Ya ce ta aiki ce, Hajiya. Ya zagaya gidan, ya fita, ya dawo, ya yi mini bayani da ladabi. Babbar wayar ta layin baya ta bi. Ta gaba akwai kwata da kwalta, ba su da izinin fasawa. Falwayoyin kan titi na masu wutar lantarki ne, ba a ba su damar rataya komai ba. Ta gefen kicin kuma ramin sokawe ne. Hanya ɗaya ta rage: a huda ƙasan katangar baya, a ja rami ta lungu har tagar Jidda. Yana magana yana girgiza gwangwanin fenti. Kafin in buɗe baki ya sunkuya ya fesa jan layi tun daga kusurwa, ya bi ta kan yayanku, ta kan Sadiya, ta kan Usman, ya ƙare a kan Jidda, sai ka ce nuna masa aka yi.

"Ba yau ba," na ce.

"Hajiya, kafin azahar mun gama."

"Na ce ba yau ba. Kaina ke ciwo, ba na son ƙara."

Daga nan na shiga kawo dalilai. Yau Juma'a ce. Yau ina da baƙi. Yau ƙasa ta jiƙe, za ku ɓata mini bango. Ranar muciya ma cewa na yi ana zaman makoki a layinmu, kuma da gaske ana yi, sai dai ban san mamacin ba. Kamfanin intanet ɗin suka fara kiran Jidda suna cewa in ba a shirya ba za su rufe aikin. Ita kuma ta koma bin motar asuba zuwa cikin gari, tana raɓewa a ofishin wata ƙawarta don ta samu netwok, ta dawo bayan magariba ƙafafu a kumbure saboda tsayuwa a tasha. A nan ne yayanku ya kira.

"Umma, don Allah me ke faruwa? In wani ne ya ce miki intanet haramun ne, ba haka abin yake ba. Kayan aiki ne kamar wuƙa, ya danganta da mai riƙewa."

"Na ce maka haramun ne?"

"To in ɓarnar gida ce, ni zan gyara, har fenti zan sake."

"Allah ya yi maka albarka. Gaishe da yaran."

Na san kun yi ta magana a bayana. Sadiya ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ji, don a lasifika Jidda ta sa ta. Za ku ce me ya hana ni faɗa. To, abu uku ne suka riƙe mini harshe, kuma ko yanzu da nake rubutawa sai da na ajiye biro na sha ruwa. Akwai kunya, uwa ba ta zama da 'ya'yanta tana zancen abin da ya fito daga cikinta. Akwai alkawarin babanku, wanda da wasa ya ɗora mini, amma da ya mutu sai wasan ya yi nauyi. Sannan ina tsoron ku. Ina tsoron yayanku ya ce camfi ne, ya kawo mini hujja, kuma ya fi ni gaskiya. Ina tsoron Jidda ta rungume ni ta ce ayya Umma, da muryar da ake lallashin yaro. Da a yi wa wurin nan haka, na gwammace a ce na rikice.

A kwanakin nan na fi zama a lungun fiye da ɗakina. Bayan azahar in gida ya yi tsit, sai in ɗauki kujera 'yar tsugune in je in zauna. Ruwan sama ya wanke jan fentin ya koma ruwan hoda, gansakuka ta fito a gindin katanga, ƙadangaru suna shan rana. In na lumshe ido sai in ga kamar an riga an sa wayar, muryoyin mutanen duniya suna gudu a cikinta, masu ciniki, masu faɗa, masu gaisuwa da harsunan da ban sani ba, duk suna wucewa ta kan ɗana da bai taɓa cewa komai ba. Wani lokaci abin ya ba ni tsoro. Wani lokaci kuma in ce ko zai ji daɗin ɗebe kewa. Ran nan gyangyaɗi ya ɗauke ni a zaune, na ga babanku da ƙuruciyarsa, ya naɗe hannun riga yana haƙa, yana zaro wani zare mai haske daga ƙasa yana naɗewa a gwiwar hannu yadda yake auna yadi. Na ce Malam, na wane ne? Bai ɗago ba. Kiran la'asar ya tashe ni.

Wata safiya Jidda tana ɗaura takalmi za ta fita, ba ta dube ni ba ta ce, "Umma, in so kike in tafi, ki faɗa mini kawai. Ba zan ji haushi ba."

Maganar ta soke ni. Ni da nake wannan duka ina kallon ƙofar ɗakinta kamar za a sace ta. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Ki ɗauki lema, akwai hadari." Ta ɗauka ta fita.

Ranar ce, da yamma kafin ta dawo, ɗaya daga cikin masu haƙan ya zo ɗaukar kayan aikinsu da suka bari a zaure, don kamfani ya ce a kwashe. Dattijo ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni, sunansa Ɗanladi, mutumin Gbagyi, su ne 'yan asalin ƙasar nan tun kafin a san za a yi birni. Na ba shi ruwa. Shebur ɗaya yana lungu, ya bi ni muka je ɗaukowa. Ya ga kujerata a wurin, ya ga yadda na share ƙasar, ya ga inda nake taka ƙafa da inda ba na takawa. Sai ya rage murya.

"Mama, akwai mutum a nan?"

Ban san abin da ya sa ba, wataƙila don baƙo ne, gobe ba zan gan shi ba. Na faɗa masa duka, har da fartanya, har da Usman. Abin da ban faɗa wa 'ya'yan cikina ba na faɗa wa mai diga. Bai yi dariya ba, bai ce ayya ba. Ya jingina da katanga ya dubi wajen dutse.

"Mu ma muna yi," ya ce. "Nawa yana ƙarƙashin babban titi, wajen da mota yake juyawa ya shiga gari. Gidan babana ne a wurin da. Kullum in na shiga bas ina wuce kansa."

"Ba ka jin komai?"

"Ina ji mana. Ina cire hula." Ya ɗan yi murmushi. "Amma yarana suna ci abinci da wannan titi. Mama, in kin yarda, ni zan haƙa da hannuna, ba diga. A hankali."

Na tsaya ina kallon jan layin da ya kusa gogewa. Na tuna ƙafafun Jidda a cikin ruwan ɗumi. Mai rai tana wahala a tasha, ni ina gadin ƙasa. Na ce masa ya gaya wa ogansa su zo gobe.

Suka zo bayan Jidda ta fita. Ban gaya mata ba, so nake ta dawo ta tarar. Ɗanladi ya sa samarin suka tsaya waje suna huda katanga, shi ya shiga lungu da ƙaramar fartanya, ni ina tsaye a kansa. Ya bi layin a hankali. Na ɗaure zuciyata ina jiran abin da zan gani, ko tsumma, ko leda, ko wani abu da zan gane. Babu komai. Jar ƙasa ce kawai, da saiwoyi, da tana. Ƙasa ta daɗe da karɓar abinta. Da ya iso na uku na ce ya dakata. Na durƙusa na ɗebi ƙasar cikin tafin hannu, na ƙulle a bakin zanena. Suka shimfiɗa bututu, suka zura baƙar waya siririya, ba ta kai kaurin igiyar guga ba. Da za su rufe na tsaya da ƙullin a hannu, na rasa inda zan kai shi. Ɗaki? Cikin akwati? Wa zai san mene ne bayan raina? Sai na kwance na zuba a kan bututun, aka mayar da ƙasa, aka shafe da siminti daga kusurwa har taga. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanku.

Ranar Jidda ta dawo da wuri, da la'asar sakaliya. Ina jinta ta shiga ɗakinta, ta ga waya ta shigo ta jikin taga, ga sabon akwati a manne da bango. Na jira ihun murna, ban ji ba. Na je na same ta zaune a ƙasa, jakarta a kafaɗa.

"Je ki huta," na ce. "An gama. Ki gaya wa ogan naki."

"Umma." Ta ɗago. "Jiya na ce musu to. Sun ba wata gurbin aikin gida. Na Legas ne ya rage, in ban karɓa ba shi ma ya tafi."

Haushi ya kama ni, irin wanda ba ka san wa za ka ji wa ba. Na ji haushin Blessing da lemarta, na ji haushin dutse, na ji haushin babanku da ya tafi ya bar ni da alkawari, na ji haushin yarinyar da ba ta ƙara mini kwana ɗaya ba, alhali ta ƙara mini da yawa. Na ce Allah ya sa alheri ne, na koma kicin. To kun ji. Ba tsoron intanet na yi ba, ba kuma rikicewa na yi ba. In kun bi ta lungun nan kuka ga siminti, ku san abin da ke ƙarƙashi, ku yi wa ɗan'uwanku da babanku addu'a.

Jidda ko fitilar akwatin ba ta gani ta yi kore ba, don sai da aka sake jiran wasu daga ofis su kunna layin, lokacin ta riga ta tafi Legas. Ranar da aka kunna, Sadiya ta zo ta haɗa mini wayata ta koya mini inda zan taɓa, ta koma gidanta. Washegari da hantsi Jidda ta kira. Fuskarta ta cika wayar, tar, har ƙurjin da ya fito mata a goshi ina gani.

"Umma, kin ga yadda yake? Ko sau ɗaya bai yanke ba."

"Na gani."

"Ranar hutu ce amma ina da ɗan aiki. Bari in kashe, in na gama na sake kira."

"Kada ki kashe. Ai sun ce ba ya ƙarewa. Ajiye ni a gefe ki yi aikinki."

Ta yi dariya ta jingina wayar a kan teburinta. Ni ma na jingina tawa da gwangwanin gishiri, na jawo tire na zauna tsintar shinkafa. Ina jin ƙarar yatsunta a kan kwamfuta, ina jin tana jan hanci, tana ɗan waƙa a maƙogwaro yadda take yi tun tana yarinya. Rana ta shigo ta ƙofar kicin ta kwanta a kan tabarma, iska tana kaɗa labule, jikina ya mutu, hankalina ya tafi wani wuri. Da na gama tsinta na duba gefena ban ga abin zubawa ba.

"Jidda, miƙo mini roba a kan firij."

"To, Umma."

Na ji ƙarar kujera. Na ɗago na ga wayar babu kowa a ciki, sai kujera tana juyawa da farin bangon wani ɗaki da ban taɓa shiga ba. Ta tashi da gaske. Can sai ta dawo a hankali ta zauna, hannunta ba komai, ta dube ni na dube ta.

"Bari," na ce. "Zan ɗauko."